FALA, KAREN DA YA KWANA A ƊAKIN SHUGABAN ƘASA

Mutumin da ya baro Gumel ko Illela ko Tasawa ya gangaro Inugu neman abin kai wa bakin salati, idan Allah ya haɗa shi da aikin gadi ko na kuku a G.R.A. ko a Independence Layout, to cikin abubuwan da su kan fara ɗaure masa kai har da sha'anin kare. A gida ya san kare iri uku ne: na farauta, dogo siriri mai jan gashi, da na Filani mai bin shanu, da kuma na ƙofar gida wanda ke kwana a gindin rumbu, ya ci ƙanzo in ya samu, in bai samu ba ya shiga gari. Amma ga shi nan ya tarar da wani ɗan mitsitsin abu mai gashi buzu-buzu, wanda bai kai ɗan akuya ba, yana da kwanonsa, da sabulunsa, da likitansa, har da katin asibiti mai sunansa. Maigida zai fita, kare na zaune a kujerar gaba, maigadi kuwa shi ke buɗe musu ƙofa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne in an ji zancen nan yana yawan fitowa a hirar dare ta 'yan Arewa, ko a Obiagu, ko a Bida Road ta Anaca, ko a Diobu ta Fatakwal. Wani ya yi dariya, wani ya yi tsaki, wani ya ce abincin karen na wata guda ya fi albashinsa. Amma bayan dariyar akwai magana. Akwai wanda aikinsa ya rataya ga lafiyar wannan ɗan kare, domin in ya ɓata ko ya mutu a hannunsa shi ke nan ya rasa abincinsa. Akwai kuma wanda kare ya cije shi ya ja bakinsa ya yi shiru don tsoron kora, alhali kuwa shirun nan ya fi korar haɗari. Ya kamata ke nan a san halin dabbar da a ke zaune da ita, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko guda ɗaya wanda aka rubuta tarihinsa tun daga haihuwa har kabari.

MENE NE TERIYA?

Daga cikin ƙananan karnukan nan na gidajen manya akwai dangin da Turawa ke kira teriya. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, watau karen da ke shiga ƙasa. Manoman Ingila da Sikotlan su suka rene shi shekaru aru-aru don ya bi ɓeraye da dilolin ƙasarsu har cikin rami, ya kashe su ko ya koro su waje. Duk tsohon da ya taɓa riƙe faifan garmaho na kamfanin His Master's Voice ya san kamannin ɗayansu, wato farin karen nan da ya karkatar da kai yana sauraron ƙahon garmaho. Sunansa Nipper, ya mutu a 1895, kuma cikin dangin teriya a ke lasafta shi.

Wanda ya gane aikin da aka reni teriya dominsa ya gane rabin halinsa. Karen da zai shiga rami mai duhu shi kaɗai, inda maigidansa ba ya ganinsa balle ya ba shi umurni, dole ya zama mai yanke wa kansa shawara, shi ya sa ya ke da taurin kai. Dole ya zama mai yawan haushi don a san inda ya ke a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba ya rufe baki. Ga tonon rami, in aka bar shi a lambun uwargida sai ya mai da shi kamar an haƙe dankali. Ga rashin sanin girman abokin gaba, ya kan tunkari karen da ya ninka shi sau huɗu ba tare da ya waiwaya ba. Kaza da zabo da ɗan kyanwa kuwa duk nama ne a wurinsa, don haka maigadin da ke ɗan kiwon kaji a bayan gida sai ya yi hattara. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Teriya ba ya ma tsayawa shinshina.

Na Sikotlan, wanda shi ne zancen yau, baƙi ne galibi, gajere, tsayinsa a kafaɗa kamar inci 10, nauyinsa kilo 8 zuwa 10, da gemu da gira kamar na dattijo, kunnuwa a tsaye. Ba shi da fara'a ga baƙo. Ya kan zaɓi mutum ɗaya ko biyu a gida ya manne musu, saura kuwa sai dai ya yi haƙuri da su.

DAGA ƘAUYE ZUWA FADA

An haifi Fala ran 7 ga watan Afrilu 1940. Wata 'yar'uwar Shugaban Ƙasar Amurka Franklin Rozabelt, mai suna Magaret Sakli, ita ta horar da shi, ta koya masa zama da birgima da tsalle in an ce ya yi, sa'an nan ta kai wa Shugaba shi kyauta. Ya shiga fadar White House ran 10 ga watan Nuwamba 1940, kwanaki kaɗan bayan an zaɓi Rozabelt karo na uku. Shugaba ya sa masa dogon suna na wani kakansa ɗan Sikotlan, mutumin wani wuri da a ke kira Falahil, amma suna ya yi wa baki nauyi, aka gutsure shi ya koma Fala.

Don a gane abin da ya haɗa mutumin nan da karen nan sai an tuna cewa Rozabelt gurgu ne. A 1921, yana da shekara 39, ciwo ya kama shi wanda likitocin lokacin suka ce shan inna ne, ƙafafunsa suka shanye, bai ƙara tafiya shi kaɗai ba sai da ƙarfe a ƙafa da mutum a gefe. 'Ya'yansa sun girma sun watse, matarsa Elino kullum tana kan hanya wajen harkokin jama'a, ga yaƙin Hitila ya kunno kai. Mutumin da duniya ke jiran maganarsa da rana, da dare sai ya wayi gari ba shi da abokin hira sai ɗan baƙin kare. Fala na kwana a kan wata kujera ta musamman a ƙarshen gadon Shugaba. Da safe in an kawo wa Shugaba karin kumallo a kan faranti, da ƙashin Fala a gefe. Da maraice kuma Shugaba da hannunsa ya ke ba shi abinci, bayan ya sa shi ya yi 'yan wasanninsa. Wasan da ya fi ba mutane dariya shi ne yadda ya kan ɗage leɓe kamar mai murmushi.

Wannan ciyarwa da hannun Shugaba tana da dalili, kuma a nan ne kukun gidan manya ya kamata ya buɗe kunne. Fala bai yi makonni da yawa a fada ba sai cikinsa ya ɓaci har aka kai shi asibitin dabbobi. Da aka bincika sai aka tarar ashe ya gano hanyar kicin, kuma kowa a gidan, daga masu dafa abinci har masu gadi, in ya ga ɗan karen ya langaɓe kai sai ya jefa masa wani abu. Kowa na ganin ɗan kaɗan ya ba shi, amma kaɗan ɗin mutum 20 ya fi ƙarfin cikin dabbar da ba ta wuce kilo 10 ba. Daga ranar Rozabelt ya kafa doka, ba mai ba Fala ko loma ɗaya sai shi.

Har yanzu wannan shi ne ciwon farko na irin karnukan nan, watau son da a ke nuna musu da abinci. Kuma akwai abubuwan da mutum ke ci lafiya lau amma guba ne ga kare. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini. Cakulan na iya kashe ƙaramin kare. Goro ma haka, domin abin da ke hana mutum barci a cikinsa yana sa zuciyar kare bugawa fiye da kima, don haka ɗan ɓarin da maigadi ya ajiye a kan benci ba abin wasa ba ne. Inabi na taɓa masa ƙoda. Ƙashin kaza dafaffe ya kan tsage ya soke hanji. Maganin ciwon kai na mutane, irin su farasitamol, ba a ba kare shi sai da izinin likitan dabbobi. Mafi muni kuma ita ce shinkafar ɓera, domin teriya mafaraucin ɓera ne, ko ya ci gubar a inda aka zuba ta, ko ya ci ɓeran da ya ci ta.

MAI TONON ASIRI

Kusan duk inda Shugaba ya sa ƙafa Fala na biye, a mota, a jirgin ƙasa, a jirgin ruwa. Wannan kuwa ya zame wa 'yan sandan ciki masu tsaron Shugaba ciwon kai. A lokacin yaƙi a ɓoye a ke yin tafiye-tafiyensa, a rufe tagogin jirgin ƙasa, kada kowa ya san wanda ke ciki. Amma kare ba ya san sirrin gwamnati ba. In jirgi ya tsaya a tasha dole a sauko da shi ya zaga, da zarar mutane sun hangi ɗan baƙin kare a hannun wani ƙato mai kwat kuwa, magana ta ƙare. Har masu tsaron suka laƙaba masa suna mai ma'anar mai tonon asiri.

A watan Agusta 1941 yana cikin jirgin yaƙin da ya kai Rozabelt gaɓar Niyufanlan, inda ya sadu da Firayim Ministan Ingila Mista Cocil, kuma akwai hoton da ya nuna shi zaune a gindin ƙafafun manyan nan biyu. A wannan taro ne aka fitar da takardar da a ke kira Yarjejeniyar Atilantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da ta ke so. Takardar nan ba ta tsaya a Turai ba. A 1943, sa'ad da ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma ta ziyarci Ingila, Dokta Nnamdi Azikiwe, ɗan Anaca haifaffen Zungeru, a kanta ya kafa hujjarsa ta neman mulkin kai. Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo yana cikin tafiyar, amma bai sa hannu a takardar Zik ba. Ashe dai karen ya halarci taron da ƙurarsa ta iso har Nijeriya.

Sunansa ya kai inda wasiƙun da yara da manya ke aiko masa suka yi yawan da sai da aka sa sakatariya ta riƙa amsa su. Kamfanin MGM ya yi sinima a kansa. A 1944 sojojin ruwa na jirgin Baltimore suka riƙa yankar gashinsa a ɓoye don su aika gida tsaraba. A ƙarshen shekarar kuma, lokacin da sojojin Nijeriya ke fama a dazukan Bama, Jamusawa suka yi wani yunƙuri na ƙarshe a Beljiyam, har suka sa wa waɗansu mutanensu kayan sojan Amurka. Cikin tambayoyin da Amurkawa suka riƙa yi wa wanda ba su yarda da shi ba a bakin shinge har da sunan karen Shugaban Ƙasa.

KARE A FAGEN SIYASA

A 1944 Rozabelt ya tsaya zaɓe karo na huɗu, ga shi ya rame, ciwon zuciya da hawan jini sun ci ƙarfinsa, abokan hamayya na jam'iyyar Rifablikan suna cewa ya gaji. Sai aka baza jita-jita, har wani ɗan majalisa ya ɗauke ta ya kai zauren majalisa, wai da Shugaba ya ziyarci tsibiran Alushan da ke can kusa da Alaska an manto Fala a can, aka tura jirgin yaƙi sukutum ya koma ya ɗauko shi da kuɗin talakawa. Rundunar sojan ruwa ta ce ƙarya ne, amma magana ta riga ta shiga kasuwa.

Ran 23 ga watan Satumba 1944, a wajen liyafar ƙungiyar direbobin manyan motoci a Washintan, Rozabelt ya ba da amsa, ana watsawa ta rediyo. Bai yi fushi ba, bai ko yi murmushi ba. Ya ce shi ya saba da zagi, matarsa da 'ya'yansa ma sun saba, amma Fala bai saba ba. Ya ce Fala ɗan Sikotlan ne, da ya ji an ce an kashe miliyan 2 ko 3 ko 8 ko 20 na dala a kansa sai ransa ya ɓaci, tun daga ranar bai koma daidai ba. Gishirin maganar shi ne Turawa na tsokanar mutanen Sikotlan da maƙo, irin wasan da ke tsakanin Filani da Barebari. Zaure ya kece da dariya, ƙasa ta ɗauka, mutane suka ga ashe tsohon da sauran ƙarfinsa. Ran 7 ga watan Nuwamba ya ka da abokin takararsa Tomas Diwi. Ba za a ce kare ne ya ci zaɓen ba, amma har yau masu tarihin siyasar Amurka suna kiran jawabin nan da sunan Fala.

Watanni biyar bayan zaɓen, ran 12 ga watan Afrilu 1945, Rozabelt ya rasu a Warm Springs ta jihar Jojiya. Waɗanda suka rubuta labarin ranar sun ce Fala, wanda ke kwance shiru a lungu, ya zabura ya bangaje ƙofar waya ya fita yana haushi har kan tudu. Ranar jana'iza a Hyde Park, gidan gadon su Rozabelt a jihar Niyu Yok, duk sa'ad da sojoji suka harba bindigar ban kwana sai ya amsa da haushi.

CIZON DA BA A YI WA SHIRU

A watan Nuwamba 1945 Fala ya gamu da tsautsayi. Yana ɗaure da igiya a hannun mai yawo da shi a Hyde Park sai wani ƙaton kare mai suna Blaze, na Eliyot ɗan marigayi Shugaba, ya far masa, ya yage shi a baya da wajen idon dama, sai da aka buga wa ƙaton dutse kafin ya sake shi. Fala ya yi mako guda a asibiti. Blaze kuwa aka kashe shi, aka auna don a ga ko yana da ciwon hauka, aka tarar ba shi da shi.

Abin lura shi ne karen gida ne, na ɗan Shugaban Ƙasa, mai ci da ƙoshi, amma duk da haka ba a ce ai an san shi ba, sai da aka auna. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci ga mazauna Obiagu da makamantanta, inda gidajen haya ke cunkushe, yara na wasa a lungu, karnuka marasa iyayengiji na yawo a bola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kamar 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a cikin yawun dabba ta ke. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya kan warke, mutum ya manta, sa'an nan zazzaɓi ya zo, da firgita, da kasa haɗiyar ruwa ko da ƙishirwa na kashe shi. In aka kai wannan matsayi kusan ba wanda ke tashi, ko a asibitin wace ƙasa ce. Amma in aka tare ta tun ranar cizon, kusan ba wanda ke mutuwa.

Abin yi ba shi da wuya. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda a ke zato tsawo. Kada a ɗaure da tsumma, kada a shafa toka ko barkono. A tafi asibiti a ranar, a faɗa wa likita kare ne, ko da ƙarzuna ce kawai, ko lasa a kan wani tsohon rauni. Tsofaffi na tsoron alluran nan 14 ko fiye da a kan yi a ciki a zamanin da. An daina su. Na yanzu kaɗan ne, a dantse a ke yi, cikin mako 1 zuwa 4, in raunin mai zurfi ne kuma a ƙara da wata a cikin raunin kansa. Shi kuma karen, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a tsare shi kwana 10 ana dubawa, amma ba a jiran kwana 10 ɗin kafin a fara allura. In an riga an kashe shi kada a jefar a kwata, a sanar da ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan su auna. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke dalalar da yawu yana bin mutane ba, wani lafewa ya ke yi a lungu, muƙamuƙi a sake, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, mai tausayi ya sa hannu ya ciro, shi ke nan.

Tun ran 6 ga watan Yuli 1885 Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 wannan allura, ya rayu. A Nijeriya ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka, Jami'ar Nsukka kuma tana da asibitin koyar da likitocin dabbobi. Ana yi wa ɗan kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa sabuntawa. Don haka maigadin da aka ce ya kula da kare yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe, an yi masa allura, ina katin? Maigidan kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Haka nan yaran mota da masu lodi da ke hulɗa da motocin da ke ɗauko karnuka daga kasuwar Dawaki ta jihar Filato zuwa kudu, su ma cizo ko ƙarzuna ba abin rainawa ba ne a gare su.

Sauran cututtukan teriya a ƙasar kudu na zafi ne da damshi. Rigar gashin da aka yi don sanyin Sikotlan nauyi ce a Inugu cikin watan Maris, ga shi kare ba ya gumi kamar mutum sai dai ya yi haki, don haka barinsa a mota a rufe, ko ɗaure shi a rana, na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Kaska na ɓuya a kunne da tsakanin yatsu tana sa masa zazzaɓi da ƙarancin jini. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshi da tsumman shimfiɗa, tsutsarsa ta shige fata ta yi kumburi kamar maruru. Na Sikotlan kuma yana da nasa na gado, wani jininsa ba ya saurin tsayawa in ya ji rauni, wani ƙafafunsa kan ɗaure in ya yi gudu ko ya yi zumuɗi, kuma ciwon daji na mafitsara ya fi kama su fiye da yawancin karnuka, don haka jini a fitsarin tsohon teriya maganar likita ce.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Tambayar da ta fi damun maigadi mai salla ita ce ta tsarki. Kare ya goge shi a riga, ko ya lashe shi a ƙafa, yaya alwalarsa, yaya tufafinsa? Malamai sun saɓa. A mazhabar Shafi'i da ta Hambali kare najasa ne. Amma a mazhabar Maliku, wadda littattafanta a ke karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya, duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau 7 in kare ya yi lallagi a ciki bin umurni ne kawai, ba don ƙazanta ba. Ajiye kare kuwa hadisi ya yi izini da shi don farauta da kiwo da gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba dalili. Malamai kan ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Maliku ya ƙi haka sai ya ce da Maliku ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Ba wanda ya ce Musulmi ya kwana ɗaki ɗaya da kare kamar Rozabelt. Amma duka da jifa da barin dabba da ƙishirwa ba su da mazauni a kowace mazhaba, ga hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Mai sauran shakka sai ya tuntuɓi limamin unguwarsu.

ƘARSHEN FALA

Bayan rasuwar Shugaba, Fala ya koma hannun Elino a gidanta na Val-Kill, 'yar tafiya kaɗan daga Hyde Park. Ya samu sarari, yana bin kurege da kyanwa, daga baya aka kawo masa jikansa mai suna Tamas suka riƙa ɓacewa tare cikin daji, su dawo jiki duk ƙaya da laka. Amma Elino ta ba da labari cewa bai taɓa ɗaukarta a matsayin mai shi ba, haƙuri kawai ya ke yi da ita kafin maigida ya dawo. Ya kan kwanta a inda zai riƙa ganin ƙofofi biyu a lokaci ɗaya. Ranar da Janar Aizanhawa ya zo ajiye furanni a kabarin Shugaba, da Fala ya ji jiniyar 'yan rakiya sai ya miƙe tsaye, kunnuwa a sama, yana duban hanya, domin da irin wannan jiniya maigidansa ya saba shigowa.

Ya rayu shekara 7 bayan Rozabelt. A ƙarshe kunnensa ya yi nauyi, gashin bakinsa ya yi fari, ya koma yawan barci. Ya mutu ran 5 ga watan Afrilu 1952, saura kwana 2 ya cika shekara 12, wanda shi ne gwargwadon abin da irinsa kan yi a duniya. Aka binne shi a lambun furanni na Hyde Park, taku kaɗan daga kabarin Shugaba, inda aka binne Elino ita ma a 1962. A 1997 da aka buɗe dandalin tunawa da Rozabelt a Washintan, an ƙera siffar Shugaba da tagulla yana zaune lulluɓe da alkyabba, ga Fala a gefensa, kunnuwa a tsaye.